Tsaftar unguwa da kasuwa a Legas: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a zaman kwamitocin unguwa da na kasuwa a wuraren da Hausawa suka fi yawa a Legas, kamar Agege, Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago, Obalende da Ijora. An tattara su wuri guda domin wanda ke son layinsu ko kasuwarsu ta gyaru ya san ta inda zai fara, ya kuma san inda aikin ya saba lalacewa.

Me ya sa kwatar Legas ke cika da wuri haka, alhali a gida ba ma ganin irin wannan?

Ƙasar Legas a kwance take. Da yawa daga cikinta ba ta ɗara teku tsayi da wani abin kirki ba, wasu unguwannin ma fadama ce aka cike da yashi aka yi gini a kai. Ruwa ba ya samun gangaren da zai gudu da ƙarfi, don haka duk abin da ya faɗa kwata nan yake kwantawa. Ga kuma yawan ruwan sama: abin da ke sauka a Legas a shekara ya ninka na Sakkwato fiye da sau biyu. Daminar kashi biyu ce, daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, a ɗan sarara a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba.

Kwatar ƙofar gidanku tana zuba a babbar magudanar titi, ita kuma ta zuba a kanal, kanal ya kai ruwan babban tafkin Legas da ke haɗe da teku. Idan ruwan sama ya dace da lokacin cikar teku, bakin kanal yakan toshe da ruwan tafkin, sai ruwa ya tsaya a titi na wasu sa'o'i kafin ya janye. Wannan ba laifin kowa ba ne. Amma idan ruwa ya kwana ɗaya, ya kwana biyu bai tafi ba, to a wani wuri hanyarsa ta toshe, kuma galibi leda ce da gorunan roba da yashi. Hukumar kwashe shara ta jihar, LAWMA, tana ƙiyasta cewa garin na fitar da kusan tan 13,000 na shara kullum. Kaɗan daga ciki ya isa ya rufe kanal.

To ba aikin gwamnati ba ne? Wa ke da alhakin me?

Aikin a rabe yake. Kanal da manyan magudanu na Ma'aikatar Muhalli da Albarkatun Ruwa ta jiha ne. Kwashe shara na LAWMA ne, ta hannun kamfanonin da ta ba unguwanni, waɗanda kowa ke kira PSP. Hayaƙi da ƙara da zubar da guba na hukumar kare muhalli ta jiha, LASEPA, ne. Masu kama wanda ya zubar da shara a titi su ne jami'an LAGESC, da aka fi sani da KAI. Duba-gari kuma a ƙaramar hukuma suke, jihar na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37.

Kwatar da ta bi ta gaban gida ko shago kuwa, tsaftarta na kan mutanen wurin, kuma su duba-gari zai kama idan ya same ta a cushe. A 2016 gwamnatin jiha ta soke sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan wata kotun tarayya ta ce a 2015 hana zirga-zirga a ranar ya saɓa doka. Unguwanni da yawa tun daga nan suka saki aikin, kamar dai dokar hana fita ce take yashe musu kwata. Layin da ke son ya gyaru shi zai tsayar wa kansa rana.

Ni ɗan haya ne, kuma ci-rani na zo. Me ya shafe ni?

Ruwan da zai shigo ɗaki katifarka zai jiƙa, mai gidan yana can wata unguwa. Idan aka rufe kasuwa, kayanka ne za su ruɓe. A watan Oktoban 2023 hukuma ta rufe kasuwar Mile 12 da ta Owode Onirin saboda ƙazanta, kuma duk mai sayar da tumatir ya san abin da kwana ɗaya ke yi wa kwando.

Akwai kuma batun mutunci, wanda muke ɗaukarsa da nauyi. Duk sa'ad da aka tashi tusa ƙeyar mutane daga wani wuri a Legas, ƙazanta na cikin dalilan da ake fara kawowa. Tsafta ba ta hana a yi wa mutum rashin adalci, amma tana ƙwace hujja ɗaya daga hannun mai nemanta, tana kuma ba shugabanninmu bakin magana idan an je gaban hukuma.

Ta yaya za mu kafa kwamiti wanda ba zai mutu bayan wata biyu ba?

A fara da layi ɗaya. Kwamitin da ya ɗauki unguwa gaba ɗaya tun ranar farko yakan ƙare a taro. Mutum biyar zuwa bakwai sun isa: shugaba, ma'aji, mai rubutu, mai kula da kayan aiki, da wanda zai riƙa magana da PSP da ƙaramar hukuma. Wannan na ƙarshe ya kasance mai jin Yarabanci ko Turancin buroka sosai, mai haƙuri kuma. A sa mace aƙalla ɗaya ko biyu, domin sharar gida da ruwan wanke-wanke a hannun mata suke, shawarar da aka yanke ba su kuwa a bakin ƙofa take tsayawa.

Kafin a fara komai a kai gaisuwa wurin Sarkin Hausawa ko mai unguwa, da bale na yankin, wato mai unguwar Yarabawa, da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA. Wannan ƙungiya gwamnati ta san da ita, takardar kokenta ta fi ta mutum ɗaya nauyi a ofis. Kada a yi kwamitin Hausawa zalla a layin da ake zaune a cakuɗe. Kwata ɗaya ce ta bi ta ƙofar Bahaushe da Bayarabe da Ibo, idan kashi ɗaya ya yashe sauran ba su yashe ba, ruwa tsayawa zai yi a tsakiya, daga nan kuma sai zargi.

Kuɗin fa? Nan ne rigima take tasowa.

A yanka abin da kowa zai iya biya ba tare da an bi shi ba, a bambanta ɗaki da shago, a bambanta mai sayar da abinci da mai ɗinki, tunda ba sharar su ɗaya ba. Mai karɓa daban, mai ajiya daban. Kowane biya da rasit. Ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna takardar a inda kowa zai gani, ko a tura hotonta a zauren WhatsApp na layin. Kada a bar kuɗi su taru ba a gani a ƙasa ba. Kuɗin farko su tafi kan shebur da baro da durom mai murfi.

Yaya ake yashe kwata yadda ya kamata?

Lokaci biyu ne mafi dacewa: Fabrairu zuwa Maris kafin ruwa ya kankama, sai kuma ɗan sararin Agusta. Abu na farko, kuma nan ne mafi yawan aikin gayya ke lalacewa: kada a sa rana sai an gama magana da motar da za ta kwashe abin da aka fitar. An sha ganin samari sun wuni suna aiki, an jera taɓo a bakin titi, ruwan dare ya mayar da shi inda ya fito.

Kayan aiki: shebur mai faɗin da zai shiga kwatar, manjagara, diga, baro, buhuna, ƙarfen ɗaga murfi, takalmin roba mai tsawo, safar hannu ta roba mai kauri, da takunkumi. Mai rauni a ƙafa ko hannu kada ya shiga, a ba shi turin baro. Ruwan kwata na ɗauke da fitsarin ɓera da bayan gida, kuma ƙusa da fasasshiyar kwalba a ƙasa suke kwance. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke da sabulu da ruwa mai tsafta, ya je asibiti a ranar a duba batun allurar tetanus.

Daga ƙasa ake farawa, wato daga inda kwatar ke zuba a babbar magudana, a riƙa hawowa sama. Idan aka buɗe bakin fita, ruwan da ya taru zai janye da kansa, aikin ya yi sauƙi. Wanda ya fara daga sama tura dattin yake yi kan maƙwabcinsa na ƙasa. A fara jan leda da goruna da manjagara a zuba su buhu daban, domin masu saye na karɓar gorunan. Sannan a kwashe taɓo da shebur har sai an ji ƙarfe ya taɓa siminti. A tara taɓon nesa kaɗan da bakin kwatar ya tsane na yini guda, sannan a zuba a buhu, rabi rabi, domin buhun shinkafa cike da jiƙaƙƙen taɓo mutum biyu ma da ƙyar suke ɗagawa.

A kula da bututun ruwa. A Legas sau da yawa ta cikin kwata ake bi da bututun famfo, shebur ɗaya ke fasa shi, idan kuma aka ɗauke ruwa sai ya zuƙi na kwata ya kai cikin gida. Duk bututun da aka gani yana yoyo a gyara shi a ranar, in da hali a ɗaga shi sama da ruwan kwatar. Wayar wuta kuma ba a taɓa ta da hannu ko da ƙarfe.

Kwalbati da duk wani rufaffen rami ba a shigarsu. Ruɓaɓɓen taɓo yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa hanci ya daina jin warinta, mutum ya faɗi cikin daƙiƙu. A ɗaga murfi a bar shi ya sha iska, a yi aiki daga waje da doguwar gora mai ƙugiya. Kwalbatin da ya gagara a kai rahotonsa ga ƙaramar hukuma ko ma'aikatar muhalli, suna da ma'aikata da injinan wannan aiki.

Mun yashe, bayan sati uku ta sake cika. Ina matsalar?

A bi kwatar da ƙafa a duba abin da ya cika ta, shi zai nuna mai laifi. Idan yashi ne, akwai mai gini da ya zube yashi a bakin titi ba shinge, ko masu shara suna turo ƙasa ciki da tsintsiya. Idan farin kitse ne ya daskare a bango, daga masu abinci da masu suya yake. Su riƙa tace ruwan wanke-wanke da rariya, man da ya ƙone kuma a tara a galan. Idan baƙin mai ne ke yawo a sama, daga bakanike ko mai gyaran janareto yake, kuma shi ma akwai masu sayensa. Idan kuma ruwan a tsaye yake alhali kwatar fes take, to gaba ne aka toshe, ko wani ya zuba kankare a ƙofar shagonsa ya rage zurfinta.

Raga ta rodi a bakin kwalbati, mai tazarar kamar yatsu uku, tana tare leda da goruna. Sai dai a sa mutum takamaimai da zai share ta bayan kowane ruwa, in ba haka ba ita kanta za ta zama toshiyar. A kafe ta da siminti don kada a wayi gari babu ita.

Motar PSP ba ta zuwa a kan lokaci. Laifi ne mu ba mai baro?

A dokar jiha laifi ne. Tun 2018 gwamnati ta hana masu tura baro da kura kwasar shara, kuma wanda ya ba su ma ana iya kama shi. Mun san da yawansu 'yan'uwanmu ne masu neman halali, amma gaskiya ita ce ba su da izinin shiga manyan jujin gwamnati irin na Olusosun da ke Ojota, don haka sharar takan ƙare a bakin kanal ko tsakiyar titi da dare, ta dawo mana da ruwan sama.

Abin yi shi ne a matsa wa PSP ta hanyar da take jin zafi. A biya kuɗin wata a ajiye rasit, mai rubutu ya riƙa rubuta ranar da mota ta zo da ranar da ba ta zo ba, a ɗauki hoto. Da wannan a kai ƙara LAWMA da sunan layi gaba ɗaya. Idan layin ya yi wa mota ƙunci, a yi yarjejeniya da direba kan wuri ɗaya a bakin titi da sa'ar da za a fito da shara, kada a fito da ita tun dare awaki da karnuka su yaga. Da damina motoci kan makara saboda layin shiga juji da taɓon hanya, don haka a tanadi ƙarin durom mai murfi. Durom mara murfi ruwa yake sha, nauyinsa ya ninka, warinsa ma haka.

In shara ta taru, mu ƙona ta mana?

A'a. Doka ta hana, kuma hayaƙin leda da roba da taya guba ne ga huhu, ya fi cutar da yara da masu asma. A gidajen katako da ke manne da juna kuma gobara ce ake kira. Gobarar jujin Olusosun ta watan Maris 2018 ta ɗauki kwanaki tana turnuƙe Ojota da Ketu da hayaƙi.

Wace leda aka hana, wacce ba a hana ba?

A watan Janairun 2024 jihar ta haramta farin mazubin abinci na soso da ake zuba shinkafa a ciki. Daga 1 ga Yulin 2025 aka fara aiwatar da hani kan robobin amfani sau ɗaya: cokali da kofi da tsinken shan lemo na roba, da siririyar ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba (maikiron ma'aunin kauri ne). Ledar fiya wata da gorar ruwa da leda mai kauri ba sa cikin hanin. Mai shayi da mai abinci su koma kofi da faranti na wankewa ga mai ci a wurin. Mai suya da ma takarda ya saba da ita, sai dai gara takarda mai tsabta a kan tsohuwar jarida, saboda tawada.

Masu jari bola da 'yan gwangwan fa, ina matsayinsu a wannan aiki?

Su ne suka fi kowa rage sharar garin nan, ko da ba a faɗa. Layin da ya ware goruna da gwangwani da kwali da ƙarfe a buhu daban ya rage abin da zai jira mota, ya kuma samu ɗan kuɗin shiga asusu. Buhu biyu sun isa a kowane gida: na abin da ke ruɓewa, da na busasshe. A taka gora ta lotse kafin a sa ta, kwali kuma kada ya jiƙe, jiƙaƙƙe ba ya da daraja. Akwai kamfanoni irin su Wecyclers da ke karɓa su biya, ga kuma 'yan'uwanmu masu sikeli.

Abu uku ne ke ɓata sana'ar. Ƙona waya don a ciro jan ƙarfe: a feɗe ta da wuƙa ko injin feɗewa, tagullar ma ta fi tsada idan ba ta ƙone ba. Fasa batirin mota a zubar da ruwansa a ƙasa: ruwan asid ne mai ɗauke da dalma, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma wanda ya ji labarin abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai raina ta ba. A sayar da batiri a rufe yadda yake. Na uku shi ne sayen murfin rami na titi da rodin gada da wayar wuta. Mai sikeli ɗaya da ya karɓi irin wannan kaya ya jawo wa kasuwa gaba ɗaya kame, don haka shugabannin 'yan gwangwan su rubuta sunan duk mai kawo kaya, su ba yaransu katin shaida.

A kasuwar kayan gwari ruɓaɓɓen kaya ne ya fi yawa. Me za a yi da shi?

Sharar Alhamis da safe, wadda ake rufe kasuwanni saboda ita har ƙarfe 10, ba ta isa ga masu tumatir da tattasai da albasa ba. Abin da ya ruɓe ranar Juma'a ba zai jira Alhamis ba. Kowace rumfa ta samu kwando ɗaya na ruɓaɓɓe, a kwashe kullum da yamma zuwa wuri ɗaya mai dandamali, kada a haɗa shi da leda. Ganyen kabeji da latas da ɓawon da bai ruɓe ba masu dabbobi na so. Ciyawar da ake shimfiɗa wa kaya a mota da karyayyun kwanduna a tara su daban, su ne suka fi saurin toshe magudana idan an sauke kaya da dare.

Inda akwai fili ana iya yin taki. A ɗora a kan katako ko tudu saboda ruwa. Kashi ɗaya na ɗanyen kaya, kashi biyu zuwa uku na busasshe kamar ciyawa da ɗusar katako da yagaggen kwali, a jera hawa-hawa har tsibin ya kai kamar mita ɗaya tsawo da faɗi. A rufe da buhu ko tamfol, a juya duk mako. Bayan kwana uku zuwa huɗu cikinsa zai ɗauki zafi, alamar aiki na tafiya ke nan. Idan ya yi wari ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe a juya. Idan bai yi zafi ba ya bushe ne ko ya yi ƙanƙanta. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi mai ƙanshin ƙasa, masu lambu da masu sayar da furanni a bakin titi suna saye. Ba a sa nama ko kifi a ciki, ɓera suke kira.

Mahauta da masu layya fa?

Jini da tumbi ba sa shiga kwata. Jini yana daskarewa ya riƙe yashi, cikin yini guda wari ya tashi, ƙuda su taru. A mayanka irin ta Oko-Oba da ke Agege a tara jini a mazubi, kashin tumbi a kai wurin taki. Ranar Babbar Sallah gidan da ke da ƙasa ya haƙa rami kamar rabin mita, nesa da rijiya, a yanka a bakinsa a binne. Gidan da aka shafe da siminti a tara a roba, a ƙulle a buhu mai leda biyu, kwamiti kuma ya yi magana da PSP tun kafin Sallah ta zo washegari. Fata a shafe ta da gishiri sosai a ranar. Babbakar kai da ƙafa da ganda da wutar taya ko roba tana sa guba a naman da mutane za su ci, a yi da itace ko gas.

Yaya za mu kare rijiya da ruwan sha, musamman lokacin kwalara?

A Legas ruwan ƙasa kusa yake, shi ya sa sokawe da masai ke saurin haɗuwa da rijiya. Abin da ake so shi ne tazarar mita 30 tsakaninsu, wanda a gidan haya da wuya a samu. In haka ne a ɗauki ruwan rijiyar a matsayin na wanki, na sha kuma a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin yadda aka rubuta a jikin takardarta a jira minti 30. A ɗaga bakin rijiya sama da inda ambaliya ke kaiwa, a yi mata murfi, guga ɗaya a rataye. 'Yan ga-ruwa su riƙa wanke cikin jarkokinsu, kwamiti kuma ya san inda suke ɗebowa.

Sokawe idan ya cika a kira motar zuƙa mai rajista. Buɗe shi cikin kwata idan ana ruwan dare zalunci ne ga duk na ƙasa da kai, kuma ta irin wannan hanya kwalara ke yaɗuwa, kamar wadda ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024. Idan wani ya faɗa sokawe kada kowa ya bi shi ciki, masu ceto da yawa a nan suke rasa ransu. A kira 112 ko 767.

Mai gudawa kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kan hanyar asibiti: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Inda ya yi amai a wanke da ruwan bilic irin na kanti, kofi 1 cikin kofi 16 na ruwa don goge ƙasa da bayi, kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanke bayi.

Unguwarmu ko ba a yi ruwa ba takan cika. Shi ma shara ce?

A Agiliti da Owode da Isheri da Ajegunle ta hanyar Ikorodu da wasu sassan Mile 12, ruwan kogin Ogun ne. Idan dam ɗin Oyan da ke jihar Ogun ya cika akan saki ruwa, galibi wajen Satumba da Oktoba, ana kuma sanarwa. Yasar kwata ba ta hana wannan. Aikin kwamiti shi ne ya isar da sanarwar ga kowa da Hausa, a ɗaga buhunan kaya a kan katako, a san gidajen da ke da tsofaffi da masu jego, a kashe wuta daga mita idan ruwa ya fara shigowa.

Mene ne rawar limamai da makarantun Islamiyya?

Babba ce, domin sanarwar bayan sallah ta fi takarda isa kunne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, ya hana yin bayan gida a hanyar mutane da inuwarsu, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Amma masallaci ya fara da kansa: ruwan alwala ya samu bututu zuwa kwata, a sa buhu a ƙofa don ledar fiya wata, wurin kama ruwa kuma ya samu mai wanke shi. 'Yan Islamiyya za su iya tara goruna da kife gwangwani da tsofaffin tayoyin da ke tara ruwa, tunda sauro cikin kwana bakwai zuwa goma yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Yara ba sa shiga kwata.

Akwai wanda ya ƙi biya, kuma shi ne mai zuba shara da dare. Yaya za mu yi da shi?

A fara da mutum biyu da yake jin nauyinsu, su same shi shi kaɗai. Sau da yawa za a tarar ba shi da durom ne, ko yana fita kafin mota ta zo ya dawo bayan ta wuce. Irin wannan maƙwabci na iya fitar masa da buhunsa. Wanda babu ce ta hana shi biya a karɓi aikin hannunsa a madadin kuɗi. Idan magana ba ta yi ba a kai wa mai gidan da yake haya, ko shugaban layinsa a kasuwa, sannan mai unguwa ko Sarkin Hausawa da shugabannin CDA. Tarar da za a ci mutum ta kasance wadda aka amince da ita a taro tun farko, a rubuce, kuma daidai ga kowa, har da ɗan shugaban kwamiti.

Idan duk wannan bai yi ba, a ɗauki hoto da rana da sa'a a kai wa duba-gari a ƙaramar hukuma. Ba a duka, ba a ƙwace kaya, ba a kwashe sharar a zube masa a ƙofar ɗaki, domin da zarar an yi haka maganar ta tashi daga shara ta koma ofishin 'yan sanda, kuma kwamitin ne zai amsa tambaya.